Iƙamar da Ba Ladan Ke Tayar da Ita Ba

A Diggi, kamar ko'ina a ƙasar Gwandu, idan aka ce iƙama kowa ya san abin da ake nufi: ladan ya miƙe, sahu ya daidaita, mai alwala a gindin randa ya ƙara sauri. Sau biyar ake tayar da ita kullum, kyauta, kuma ba a taɓa tambayar kowa hoto ba. Wannan kalmar ce dai, da harufanta duka, hukumomin Saudiyya suka laƙaba wa katin izinin zaman baƙo, bakin mutanenmu na can kuma ya murɗe ta ta koma "igama". Ta masallaci tara jama'a take yi. Wannan kuwa, da an ambace ta da ƙarfi a Sharar Mansur ta Makka ko a Karantina ta Jidda, sai ka ga sahu ya watse, kowa ya tuna ya bar tukunya a kan wuta. Na daɗe ina juya lamarin wannan kati da 'yan'uwansa na sauran ƙasashe, ga kuma inda na tsaya, ko da za a ce na zautu: a ƙasar waje takarda ce ke zama, mutum rakiya kawai ya yi mata. Ita ce baƙuwar da aka yi wa maraba. Shi ɗan dako ne, aikinsa ya goya ta a aljihun gaba, ya ciyar da ita, ya riƙa duba lafiyarta dare da rana.

A fara da haihuwarta, domin tun daga nan ake gane wane ne babba. Kafin a ba ka izinin zama a ko'ina sai da fasfo, fasfo kuwa a Najeriya ta yau sai da lambar NIN, kuma sai abin da ke wannan ya dace da abin da ke wancan, harafi da harafi. To ga mutumin Diggi: ranar suna liman ya raɗa masa Muhammadu, uwarsa tana kiransa Mamman, hedimasta ya rubuta Mohammed ya liƙa masa sunan garin a baya, yaron banki kuma don gajiya ya taƙaita shi zuwa Muh'd. Duk garin sun san mutum ɗaya ne, har wanda yake binsa bashi bai taɓa ruɗewa ba. Kwamfuta kuwa mutum huɗu take gani, tana kuma zargin uku daga ciki. Sai a zo ga ranar haihuwa. Tsohuwa ta tabbatar ana cikin girbin gero ne, shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, wato 1991, amma akawun da ya cike takardar farko ba shi da gurbin girbin gero, sai ya ba shi 1 ga Janairu, ranar da, in ka bi ta takardu, ungozomomin ƙasar Hausa ba su taɓa runtsawa ba. Na ƙarshe shi ne babban yatsa. Manomin shinkafa da ya yi shekara ashirin yana damƙar lauje da dasa iri a fadama, zanen yatsansa ya shafe kamar tsohon kwabo. Ya ɗora a kan gilashin na'ura, ta yi shiru. A ce ya goga a goshi, ya goga. A ce ya hura masa iska, ya hura. A ce ya danna, kada kuma ya danna da yawa. Ga mutum tsaye da ransa, yana gumi, yana amsa sallama, amma ana jiran wani ɗan akwati ya yarda cewa ya zo. A ƙarshe wa ake gyarawa? Ba a taɓa jin an gyara na'ura don ta dace da Mamman ba. Mamman ne zai je kotu ya yi rantsuwa cewa shi ne shi.

Idan ta samu kuma, sai ciyarwa. Takardar zama tana da ciki, kuma ba ta azumi. Tun daga Yulin 2017 Saudiyya ta ɗora wa baƙo harajin riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, mata ko ɗa, kuɗin ya riƙa hawa shekara-shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Bahaushen da ya tashi yana jin cewa kowane yaro da arzikinsa yake zuwa, a can sai ya tarar kowane yaro da rasit ɗinsa yake zuwa. Ga takardar kuma da gajeren rai. Shekara guda ta tsufa, kuma da yake an daɗe ana lissafa ta da kalandar Hijira, shekarar ma ba cikakkiya ba ce a idon mai ƙirga albashi da watan Bature: kwana goma sha ɗaya sun bi iska. In ka yi sakaci ta mutu a hannunka, tara ce, in ka maimaita a ninka, in ka sake a nuna maka hanyar filin jirgi. Mutum na iya kwana uku da zazzaɓi bai nemi ko Panadol ba, amma ya ji saura wata guda igamarsa ta ƙare, barci ya ƙaurace masa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne tana da ubangida, kuma ba kai ba ne. Sunansa kafili. Mu ma mun san mai masauki. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro a gidan fatoma suke sauka, shi ke tsaya musu, shi ke nemo masu saye, in rigima ta tashi shi ke zuwa gaban sarki. Amma fatoma bai taɓa riƙe ƙafar baƙonsa ba. Ranar da ka ga dama ka ɗaure jakinka ka yi masa sallama. Kafili kuwa shi ke nema maka katin, shi ke sabunta shi, kuma shekaru da dama sai da yardarsa za ka canza aiki ko ka fita ƙasar, ko da uwarka ce ta rasu. In kuka saɓa ya kai rahoton "hurub", wato ka gudu, shi ke nan ka zama gudajje ko da kana zaune a ƙofar gidansa kana shan shayi. An sassauta wannan a Maris na 2021, aka ba ma'aikata damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba tare da sa hannun kafili ba. Sai dai sassaucin ya tsallake masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona. A duba jerin nan da kyau, a gaya mini wace sana'a ce a ciki ba tamu ba. Kamar an yi rabon nama ne aka ce kowa ya zo da kwano, ban da masu jin yunwa.

Hujjata mafi ƙarfi tana wajen takari, wato mutanenmu mazauna Saudiyya. Tun kafin jirgin sama mutanen ƙasashen nan suke tafiya Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, ana noma a hanya, ana aure, ana haihuwa, tafiyar da kan ci shekaru. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, garin da suka kafa a Sudan har yau da sunansa ake kiransa. Waɗansu sun isa Hijaz sun zauna, suka haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka haifi jikoki. Dokar Saudiyya ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa don kawai a can aka yanke masa cibiya. Saboda haka akwai saurayin da a Makka aka haife shi, a Makka aka haifi ubansa, Larabcinsa ya fi Hausarsa, bai san ɗanɗanon fura ba sai a labari, amma ranar da askar, wato jami'an tsaro, suka tare shi ba kati, sai gidan tsare baƙi na Shumaisi, sai tarhil, wato kora, sai a sauke shi a Kano a ce masa ya dawo gida. An ga irin wannan da yawa bayan wa'adin afuwar da aka yi wa marasa kati ya cika a farkon Nuwamban 2013, aka kuma sake gani bayan na 2017. A ɗaya gefen, tun 2019 mai riyal 800,000 na iya sayen izinin zama na dindindin ba kafili, ba kowa. Ga wanda ya yi zaman shekara talatin ba a ƙirga masa ko kwana ɗaya ba, ga wanda takardarsa ke zaune daram ko da shi yana Dubai yana hutawa. In ba takarda ce ke zama ba, a faɗa mini wane ne.

Na san abin da mai hankali zai ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba: kowace ƙasa tana da haƙƙin sanin wanda ya shigo mata, musamman ƙasar da miliyoyin mutane ke kwarara cikinta kowace shekara da sunan ibada, wasu kuma su ɓace a lungu da an sauko daga Arfa. Gaskiya ne. Ko a Diggi baƙo ba ya sauke kaya sai an kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya sanar da hakimi, kuma a wannan zamani na rashin tsaro ba wanda zai ce a daina. Ban ƙi a tambayi baƙo ba. Inda muka rabu shi ne abin da lokaci ke yi wa amsar. Mai unguwa sau ɗaya yake tambaya, daga nan kowace damina tana ƙara wa baƙo nauyi: ya yi gayya da mutane, ya bi jana'iza, ya ba da 'yarsa, wata rana sai ka ji ana ce masa Baba, an manta ma daga ina ya zo sai in ana tsokanar jikokinsa. An ce baƙo raɓa ne, amma a wurinmu raɓar da ta daɗe takan zama rijiya. A tsarin kati kuwa shekaru ba sa taruwa. Kowace shekara sabon baƙo ne kai, da sabon hoto mai farin bango, kunnuwa a waje, ba murmushi. In kuwa ba ka da katin, to shekarun suna taruwa, amma a matsayin laifi.

Akwai kuma masu cewa duk wannan ƙiyayya ce ake yi mana, mu baƙaƙe, mu talakawa, alhali ƙasa ta Allah ce. Wulaƙanci kam akwai shi, wanda ya ga yadda ake loda mutane a motar kamu ba zai musa ba. Amma laifi tudu ne. A ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice, Hausawan zango da Yarabawa suka kwaso abin da ya samu suka yo gida, wasunsu ba su taɓa ganin gidan ba. Muka yi kuka, muka ce ba a kyauta ba. Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan haka, a Janairun 1983, gwamnatin Shehu Shagari, ɗan ƙasar Sakkwato, namu na kanmu, ta ba baƙi marasa takarda kusan wa'adin nan, mutum fiye da miliyan ɗaya suka fita, har jakar da suka zuba kaya ta samu sunan da ake kiranta da shi yau a kowace tasha, mu kuma muke zuba kayan lefe a ciki ba kunya. Katin zaman da Najeriya ke ba baƙi, CERPAC, a ƙarshen 2018 aka ninka kuɗinsa daga dala 1,000 zuwa 2,000 a shekara. Ashe mu ma muna da tamu igamar, kuma tana cin abinci fiye da ta wasu. Cutar ba ta Larabawa ba ce ko ta Turawa. Duk inda aka ba ɗan Adam hatimi da tawada, sai ya fi yarda da abin da ya buga a kan abin da idonsa ke gani.

Saura masu ce mini in kwantar da hankalina, wai mu nan Afirka ta Yamma ba ruwanmu da wannan, tunda mutum na iya karyawa a Kamba ya ci abincin rana a Gaya ba wanda ya ce masa kanzil. Haka ne, galibi. Amma a takarda, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba ɗan wata ƙasa ya zauna ba biza, bayan haka ana so ya nemi katin zama. Cewa ba a cika tambaya ba, ba ya nufin takardar ta mutu; barci take yi, kuma mun ga yadda take farkawa. An rufe iyaka a Agustan 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, sannan a ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar, duk da an ce a ci gaba da zirga-zirga kafin a ga abin da hali zai yi. Kabawa da Zabarmawa da Dandawan da ke aurayya tun kafin a haifi kakan wanda ya ja layin iyakar, yanzu zumuncinsu yana rataye a kan "kafin a ga abin da hali zai yi". A Dole Kaina, can ƙaramar hukumar Dandi, iyakar ma ta cikin gari ta ratsa. Matar da ta leƙa maƙwabta aron daddawa tana iya zama ta yi tafiya ƙasar waje ba da sanin mijinta ba, in kuwa yaji ta yi zuwa gidan iyayenta a tsallaken layi, to ya kamata masu biko su san cewa doka kwana 90 kacal ta ba su.