Bazazzagi da injin da ke ɗinke takarda

 Bazazzagina, labari ya iso har ƙauyenmu cewa maigidanka, mai siton taki da iri a kasuwar Hasahisa, ya sayo muku injin buga takardu mai ɗinkewa da kansa, kai kuma ka cusa dabbasarka, abin ɗinkin takarda na hannu, can ƙasan tebur kana shelar ka yi sallama da wahala. Kakanka da ƙafa ya taso daga Zazzau da niyyar Makka, ya yada zango a Jazira ta Sudan yana tsinkar auduga don ya tara guzuri. Jikansa kuwa danna ɗan ƙarfe da tafin hannu ne ya gagare shi. Mu Kanawa dama mun san halin bayinmu.

Waɗanda suka gani da idonsu sun ce ranar farko takardu suka fito warwatse, fanka ta kwashe rasit ɗin wani dattijo, kana rarrafe ƙarƙashin buhun yuriya kana nemansa. Washegari ka taɓa wani abu, sai injin ya haɗa bashin manoman ƙauye guda ya ɗinke wuri ɗaya. Mai bashin buhu biyu ya koma gida da asirin maƙwabtansa a aljihu. Da tulin ya ƙara kauri kuma injin ya ƙi ɗinkin sam, ka ce aljanu ne.

Zo in karantar da kai, tunda karatun Zariya bai biyo ka ba. Injin ba ya ɗinki sai an umarce shi, umarnin kuma tare da aikin yake tafiya. In ka buga wasiƙa daga kwamfutarka, taga na buɗewa ka zaɓi ɗinki. Manhajar lissafin sito kuwa kai tsaye take tura rasit zuwa layin bugu, ba ta bi ta wannan taga, shi ya sa zaɓinka bai isa kunnen injin ba. Sannan injin bai san Malam wane da Alhaji wane ba, aiki kawai ya sani: abin da aka turo a dunƙule, a dunƙule zai ɗinke shi. Galibin irinsa ba sa huda abin da ya wuce takarda 50. Magani shi ne a buɗe wa rasit layinsa na daban mai ɗinki a kullum, manhajar kuma ta riƙa turo takardun kowane manomi a matsayin aiki guda.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne kusurwa. Injin ya zo da saitin masu boko, yana ɗinki a sama ta hagu. Rasit ɗinku da Larabci yake, daga dama ake fara shi, ɗinkinsa ma a dama ya kamata ya zauna. Manomi ya zo buɗe shafi na biyu sai takarda ta juye masa ta baya, yana murɗa wuya kamar zakaran da ya hango shaho. Kai da ka yi allo tun kana yaye, a ce sai Bakano ya nuna maka inda dama take!

Ka tuna a wace ƙasa kake wannan abin kunya. Tun 1925 da aka gama dam ɗin Sinnar ake rubuta lissafin Jazira da hannu: daga baya rabon ya tsaya a kashi 40 na gwamnati, 40 na manoma, 20 na kamfanin Turawa, har gwamnati ta karɓi aikin a 1950. Da aka ƙara Manakil gonar ta haura fadan miliyan 2, masu hawasha, wato masu yankin gona, sama da dubu 100, kowa da shafinsa. Akawunan ofishin aikin a Barakat da alƙalami da allura da zare suka riƙe wannan duka, ƙaramin jirgin ƙasa yana jigilar auduga zuwa injinan gurza na Marinjan da Hasahisa. Mutanenmu na kambo, zangon 'yan ƙwadago, da su aka yi tsinkar, yawancinsu ko shafin ba su samu ba, wannan kuma zance ne na wata rana. Kai sito ɗaya tal aka ba ka.

Kada ka yar da dabbasar dai. Wutar garinku ba ta da alkawari, balle bayan abin da yaƙi ya yi mana, kuma ƙusoshin injin a cikin kwalinsu na musamman suke zuwa, na kanti ba sa shiga. Ranar da suka ƙare sai ka jira mai zuwa Madani.

Ladan karatun nan a haɗa mini da kuɗin shara, Cika-ciki ya kusa. Ta manhajar Bankak za ka turo. Ba na son rasit daga hannunka.