Hutun Da Ruwa Ya Cinye

Mu mutanen Kano ba a koya mana kushe ruwan sama ba. Damina ta yi jinkiri, sai mu fita sallar roƙon ruwa. Hadari ya haɗo, mu ce rahama ce. Da wannan tarbiyya na kwashi uwargida da yara a hutun Agusta zuwa Limbe, garin bakin teku a Kamaru. A hoton waya rana ce ƙwal da itatuwan kwakwa. Hoton bai nuna ƙauyen Debundscha da ke nan kusa ba, inda ruwan shekara kan kai mita 10, ninki goma na namu.

Ruwansu ba ya zuwa da iska da tsawa ya wuce. Zama yake yi, kamar baƙon da ya sauke jakarsa ya tambayi inda ake wanki. Na kai kuka wurin mai masauki, ya leƙa waje ya ce, "Oga, ai wannan yayyafi ne."

Da ya ɗan tsagaita na saɓa farar shaddar da na ɗinka musamman saboda hoto, muka nufi teku. Yashin baƙi ƙirin, ragowar aman wutar Dutsen Kamaru. Autana ya ce, "Baba, wa ya ƙona yashin?" Ina shirin ba shi amsa ta masu ilimi igiyar ruwa ta dake ni ta baya, sama kuma ya sake buɗewa. Sitacin shadda ya narke ya bi ƙafata, hula ta kama hanyar Malabo, can ƙetaren teku.

A haka, shadda manne da jiki, muka ratsa lambun itatuwan da Jamusawa suka kafa a 1892, muka shiga gidan namun daji. Wani goggon biri na zaune ƙarƙashin rumfarsa, bushe ƙarau, hannu a haɓa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya kau da kai. Ni na biya kuɗin kallo, amma yara sun ce shi ya fi ni cin riba.

Dutsen kuwa, mai tsayin sama da mita 4,000, na ƙara kuɗi don ɗakin da tagarsa ke fuskantarsa. Gajimare na gani, safe da yamma.

Abu guda ruwa bai ɓata ba: gasasshen kifin Down Beach, da barkono da bobolo, rogon da ake naɗewa a ganye. Ƙarƙashin tamfal mai ɗiga muka ci har da siɗe yatsu. Kilishin guzurinmu ya riga ya yi funfuna a jaka.

Sauran hutun a ɗaki ya ƙare, kayan shanya sun ƙi bushewa a kan ƙofa, mu kuma muna ta lido. Uwargida ta kafa sharaɗi: "Maigida, duk wasan da na ci, atamfa ɗaya." Na yarda, don na ɗauka ba ta iya ba. Har yau ina biya, wata-wata.