Kowa da Halinsa a Gaban Jerin Furofayil

Idan kyamara ta ɗauki ɗanyen hoto, wanda masu sana'a ke kira RAW, abin da take ajiyewa lambobi ne na yawan hasken da ya faɗa mata. Sai an bi ta kan lambobin nan kafin ja ya zama ja, kore ya zama kore, kuma wannan shi ne aikin furofayil. A manhajar Lightroom ta kamfanin Adobe, wadda ta fito a 2007, an ware masa ɗan jerin zaɓi. Wannan ɗan jeri kuwa ya haifi mutane iri-iri, har kana iya gane halin mai hoto daga yadda yake zama a gabansa.

Mafi yawa su ne 'yan ban-san-da-shi-ba. Ba a cika ganin laifinsu ba, domin shekara da shekaru Adobe ta binne jerin a can ƙarshen ƙasa, cikin sashen Camera Calibration, inda ba mai zuwa sai wanda ya yi ɓatan kai. Irin wannan bawan Allah zai loda hotunan biki, ya ga jan mayafin amarya yana ɗaukar ido yadda ya gan shi a bayan kyamara, amma kafin ya rufe baki da "Masha Allah" launin ya dusashe a kan idonsa. Babu wani siddabaru a ciki. Da farko manhajar ta nuna masa ƙaramin hoton da kyamara ta riga ta gyara ta cusa cikin fayil ɗin, daga baya ta ture shi ta ɗora nata launin. Shi fa ba zai yarda da wannan bayani ba. Yaron shago ne ya taɓa masa kwamfuta. In ba shi ba, to bairos ce. Zai kai wa mai gyara a wanke masa kwamfutar tas, a caje shi kuɗi, ya dawo ya tarar mayafin yana nan yana dusashewa.

A watan Afrilun 2018 Adobe ta tausaya, ta ɗauko jerin ta maido shi sama, ta sa Adobe Color ya gaji Adobe Standard a matsayin na farko, sannan ta ƙaro tulin wasu a ƙarƙashin Artistic da Modern da Vintage da B&W. Ranar aka haifi mai ruwan ido. Ka same shi ya sunkuya, hancinsa ya kusa taɓa gilashi, yana jan maus a hankali daga wannan ɗan akwati zuwa wancan, hoton yana canja kala, shi kuma yana gyaɗa kai kamar wadda aka shigar Kantin Kwari aka ce ta zaɓi turmi ɗaya tak. Wannan ya yi kyau, amma na bayansa ya fi shi, na bayan ma sai ya koma ya sake dubawa don ya manta kamanninsa. An tanadi ɗan tauraro da ake dannawa don ware waɗanda aka fi so. Ya danna wa kowanne. Yanzu jerin zaɓaɓɓunsa ya kai tsawon jerin da ya gudu daga gare shi. Hotunan ɗaurin aure ne a hannunsa, ga shi har an fara maganar suna.

Maƙwabcinsa dattijo kuwa har gobe can ƙasa yake gangarawa neman jerin, ya tarar babu, ya ja tsaki, ya ce tun da yaran nan suka taɓa abin launi bai sake yin albarka ba.

Akwai kuma masani, mai allon launuka. Wannan ina ganin girmansa, ko da yake zama da shi akwai gajiya. A jakarsa akwai ColorChecker, ɗan allo mai gidaje 24 na launi daban-daban, kuma ba ya ɗaukar kowa sai ya fara ɗaukar allon. Amarya ta sha kwalliya, zufa na neman ɓata mata hoda, shi kuwa ya miƙa mata allo ya ce, "Ƙanwata, riƙe min nan daidai haɓarki." Daga nan zai haɗa furofayil na kansa: na rana, na inuwa, na fitilar zauren biki. Sunayen da yake raɗa musu su ne sabo, sabo 2, na ƙarshe, na ƙarshe gaske. Ranar da ya ari kyamarar abokinsa sai ya buɗe jerin ya ga wayam, duk sun ɓace. Furofayil irin wannan a ɗaure yake da samfurin kyamarar da aka yi shi dominta, kuma manhajar ba ta ce masa uffan, ɓoyewa kawai take yi. Haka in ya saka sabo, ba zai gan shi ba sai ya rufe ta ya sake buɗewa. Duk da haka shi ne zai tsare ka rabin awa yana nuna maka bambancin Camera Faithful da Camera Neutral na Canon, kai kana cewa "Ƙwarai kuwa" alhali hoto ɗaya kake gani.

Shi ma mai JPEG yana da nasa kukan. Ya ga bidiyo ana zaɓe cikin furofayil na Adobe da na kyamara, ya buɗe tasa ya tarar da Color da Monochrome a gurbinsu. Ya tabbata wanda ya saka masa manhajar ne ya ba shi rabi. Ba wanda ya gaya masa cewa kyamara ta riga ta gama yanke hukunci a kan launin JPEG tun kafin ya iso gida.

'Yan Fujifilm ɗarika ce mai zaman kanta, ba su da zance sai na furofayil ɗin Velvia da Classic Chrome, kuma ba sa jin kira. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ƙure sanda. Ya gano ɗan majanyin Amount da ke zuwa har 200, ya kuma ɗauka an sa 200 ɗin ne don a kai can. Fuskar ango ta koma ruwan lemo, farar shadda ta yi shuɗi-shuɗi, shi yana murna. In ya koma kan Adobe Color majanyin ya ƙi motsi, sai ya yi ta dannawa da ƙarfi, wai ko maus ɗin ne ya gaji.

Dukkansu kuma wuri ɗaya aikinsu yake ƙarewa, a wayar uwar amarya, bayan WhatsApp ta matse hoton, gilashin wayar a tsage, an ƙure masa haske. Hajiya za ta duba, ta matso da shi, ta nisanta shi, sannan ta turo saƙon murya: "Sannu da aiki, ɗana, Allah ya yi albarka. Amma ka ɗan ƙara min haske, na yi duhu da yawa."