Wasiƙa daga Alƙahira zuwa ga Uwargidana ta Runka

Zuwa ga Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da gwiwarki da sandarki. Na san Auta ne zai karanta miki takardar nan. Kai Auta, ka karanta yadda na rubuta, kada ka tsallake inda na ambace ka.

Albishirinki! Mijinki zai zo ganin gida. Da zarar mun ajiye alƙalamin jarrabawa zan hau jirgi zuwa Kano, daga nan mota har Dutsin-Ma, sai Safana, sai ƙofar ɗakinki. Tun da na bar Runka ban sake shaƙar ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka ba, don nan garin sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba, Kogin Nilu kawai suke sha.

Amma da sharaɗi: kada a yi shela. Na san halinki, in labari ya shiga kunnenki da asuba, kafin azahar ya isa kasuwar Batsari. Dajin Rugu kuwa yana da kunne. Mutanen can ba su san bambancin ɗalibi da Alhaji ba, da sun ji an ce ƙasar waje sai su hau lissafin dala. Ni kuwa abin da ke jakata littattafan fiƙihu ne da wanduna biyu. In suka ɗauke ni asarar garin tuwonsu kawai za su yi, tunda na san ko tunkiya ba za ki sayar don ki fanshe ni ba. Dariya nake ba ki, amma ke ma ba ki manta 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Safana da Batsari da maƙwabtansu saboda wannan masifa. Don haka da rana tsaka zan shigo, cikin tsohuwar rigata.

Sai maganar tsaraba. Saƙonnin murya sun cika mini WhatsApp har wayar tana nishi. Goggo tana son jarkar Zamzam. Don Allah a fahimtar da ita Masar daban, Makka daban, akwai Bahar Maliya a tsakani. Kawu yana son waya mai kyamara uku. Auta yana son rigar Mohamed Salah, kamar ni da shi muke cin abinci kwano ɗaya. Ke kuma an ce haƙorin Makka kike so. Uwargida, a jikin wane haƙorin za a maƙala shi? Abin da aljihuna ya iya, na shiga kasuwar Khan Khalili da ke daf da masallacin Azhar, na yi ciniki har mai shagon ya rantse ya kuma rantse, na sayo carbi da turare da ɗan man habbatus sauda. Wanda bai samu ba ya karɓi addu'a.

Na kuma ji an fara kirana Shehi. A yi hattara. Azhar ce ta haura shekara 1000, ni jiya na zo. Kafin su bar mutum ya zauna gaban manyan malamai sai ya gyara Larabcinsa, kuma na titi daban yake da na allo. Ranar da na fara tambayar direba kuɗin mota da Larabcin littafi, kallona ya yi ya ce sadaƙallahul azim, motar ta kwashe da dariya. Saboda haka ki gaya wa Kawu da Baba Ƙarami kada su jira ni da rigimar gonar fadama. Ban kai babin gado ba, kuma ko na kai, ranar zan yi zazzaɓi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kaka, yunwa nake ji. Ba wai babu abinci ba, akwai, amma mutanen nan wake da gurasa ne safe, wake da gurasa dare. Suna da wani wai shi koshari: shinkafa da taliya da wani ƙanƙanin wake a kwano ɗaya, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa, ka ci ka ƙoshi, bayan sallah ɗaya ka nemi inda ya shiga ka rasa. Miyar lalo suna yi, zoɓo ma suna sha, sai dai ba wanda ya taɓa jin labarin daddawa. Ƙullin kuka da daddawar da kika cusa mini a jaka ina gunaguni, shi ya mai da ni sarki a ɗakin kwananmu. Ranar da na kaɗa miya, wani ɗan Indunusiya ya toshe hanci ya gudu, 'yan Maraɗi da Zariya kuwa suka biyo ƙamshi da cokulansu. Don haka ranar da na sauka ina son tuwon dawa wanda aka tuƙa da itace, miyar kuka da man shanu yana yawo a kai. Da safe ɗumame. Da rana fura da kindirmo a ƙwarya, da ludayin duma, ba kofin roba ba. A nemo rogon Batsari a dafa, a daka ƙuli da yaji. In gero ya nuna kafin in koma, tumun farko nawa ne, Auta ya ji da kyau.

Kin aiko a tambaye ni ko zan kawo miki kishiya Balarabiya. Kwantar da hankalinki. Nan sai saurayi ya tanadi gida da zinari kafin a saurare shi, ni ko katifar da nake kwana a kai ta makaranta ce. Kujerarki tana nan.

Na ji Baba ya sa an wasa hauya da sunana. A gaya masa hannuna ya yi laushi, amma zan je gona in riƙe masa buta.

Ki gaishe da Inna, ki ce ta daina kuka a waya, kati take ƙonawa. A gaishe da Malam Liman da duk mutanen gida. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a Runka da kewaye. Zan bugo wa Baba in na iso Safana ya turo mai babur. Kafin nan, don girman Allah, a bar maganar a ɗaki.

Wassalam.

Naki har kullum,
Maigidanki na Masar