Bayani Kan Gayyar Intanet da Abin da Ke Kashe Ta

Masana sun yi ittifaƙi cewa aikin rukuni shi ne aikin da malami ke bai wa ɗalibai biyar, mutum ɗaya ya kwana yana yi, biyar su sa suna. Saɓaninsu kawai a kan wane ne ɗayan.

Wanda ya fara ɗora lamarin a kan ma'auni wani Bafaranshe ne, injiniyan aikin gona, Max Ringelmann. Ya sa mutane jan igiya, ɗai-ɗai sannan a haɗe, ya buga sakamakon a 1913: in mutum takwas suka kama igiya, kowannensu kusan rabin ƙarfinsa yake sakawa. A lura, waɗannan suna ganin juna ido da ido, kuma igiya ba ta buƙatar data.

Karatu ta intanet ya zo ya ƙarasa binciken. Da an buɗe zauren WhatsApp, kwana biyun farko na sallama ne da muhawara kan hoton da za a sa wa zauren. A na uku ɗalibai ke rarrabuwa zuwa jinsunansu. Akwai Mai Madalla, wanda ko tambaya aka turo, amsarsa "Madalla, Allah ya saka da alheri." Akwai Mai Sabis, bawan Allahn da sabis ɗinsa ke ɗaukewa daidai lokacin rabon aiki, ya dawo garau lokacin ƙwallon Turai. Amma wanda ya fi ɗaure wa masu bincike kai shi ne Mai Gaibu. Shuɗin alamar nan biyu na shaida cewa yana karanta komai, sai dai ba a jin ɗuriyarsa sai daren miƙa aiki, sha ɗaya da rabi, ya ce, "Shugaba, don Allah a duba, an yi kuskure a lambar rajistata." Shugaba kuwa, a ilmance, shi ne wanda ya yi gangancin tambayar yaushe za a fara.

Wasu malamai na kafa hujja da cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Sun manta maganar ci ake yi, ba ta girki ba.

Manoma sun daɗe da gano bakin zaren. A gonar gayya jera mutane ake yi, kowa da kunyarsa a gabansa, ga makaɗi a gefe yana zuga na gaba, na baya kuma ba sai an kira sunansa ba. Shi ya sa, a ra'ayina, Bahaushe bai wahalar da kansa neman kalma biyu ba: kunyar da ake nomewa ita ke haifar da wadda ake ji. Intanet ta share duka biyun, ta bar mutum a ɗaki shi da wayarsa, kyamara a kashe.

Sai a 1971 wani Ba'amurke, Elliot Aronson, ya isa inda manoman suke. A makarantun Austin da ke jihar Texas ya yayyanka darasi, ya ba kowane yaro yanki guda da zai koya wa sauran, ta yadda in ɗaya ya yi barci rami zai bayyana a aikin, ramin kuma da sunansa. Malamin intanet na iya yin haka cikin sauƙi. Kada rukuni ya wuce mutum huɗu ko biyar. A rubuta aikin a Google Docs, wanda ke ajiye tarihin wanda ya rubuta me da ƙarfe nawa, ba ya kuma karɓar uzuri. A raba maki, wani na rukuni, wani na mai kunya. Taro kuma a taƙaita, domin Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa, kuma kaso mai tsoka na tafiya a "Kuna ji na?"

Abin da ilimi bai warware ba tukuna shi ne tuwo. Gayya da tuwo da fura ake tashinta, kuma har yanzu ba a samu hanyar tura su ta waya ba. Wani shugaban rukuni ya gwada tura hoton malmala biyu da miyar kuka. Mutum ɗaya ne ya amsa, ya ce madalla.