Masu Saukar Baƙi a Kwamfuta

Duk mai rubuta manhaja, wata rana sai ya buƙaci kunna wata kwamfuta a cikin tasa, wato saukar baƙo, Linux a cikin Windows ko akasin haka, don ya gwada aiki ba tare da ya ɓata ta gida ba. A nan halin mutum yake fitowa.

Akwai Na-Banza. Ya ji VirtualBox kyauta ce, magana ta ƙare. Kwamfutarsa tokumbo ce mai ram giga 4, amma baƙi uku yake saukewa lokaci guda, kowanne ya yanka masa giga 2. Lissafin bai dame shi ba. Fanka ta ɗauki kuka kamar injin markaɗe, komai ya sandare, shi kuwa ya rantse laifin Oracle ne, masu VirtualBox ɗin. Ka ce masa, "Malam, ƙara ram, ka sa SSD," sai ya tambaye ka ko akwai na kyauta. Ni dai ina tausaya wa kwamfutar fiye da mai ita.

Sai Ɗan Gayu, wanda ya sayi MacBook saboda tambarin. Sai da kuɗi suka fita ya gano cewa tun 2020 Apple ta fara barin Intel ta koma tsarin ARM, manhajar ofishinsu kuwa don Intel aka gina ta. Ram ɗin ma a liƙe yake, ba a ƙarawa. Yanzu tsohuwar ThinkPad ɗin ƙaninsa ke yin aikin a ɓoye, MacBook kuma ke zuwa taro.

Mai wa'azin Docker ba ya gaisuwa sai ya kawo zancen kwantena. A wurinsa, tun 2013 zamanin saukar baƙi ya wuce, mu ne ba mu waye ba. Kada ka kuskura ka gaya masa cewa Docker ɗin da ke kan Windows ɗinsa a cikin baƙuwar Linux yake zaune. Zai yi maka gaba.

Alhajin VMware kuwa shiru yake yi kwanan nan. Shekara da shekaru yana biyan lasisi yana raina masu VirtualBox, sai Broadcom ta sayi kamfanin a 2023, a 2024 ta ce Workstation Pro ta zama kyauta. Har yau bai huce ba.

Na Linux zalla ba abin faɗa: KVM na cikin tsarinsa tun 2007, kuma zai gaya maka ko ba ka tambaya ba.

Wanda ya fi ban dariya shi ne Mai Goge-Goge. Baƙo ya ƙi tashi, sai ya goge Windows ya sake ɗorawa, ya sauya manhaja, ya kai wa mai gyara, har ya fara cigiyar mai saye. Yaron shago ya shiga BIOS ya kunna VT-x, ya ce, "Oga, kawo na ruwa."