Tukunyar Maman Walid

An ɗora mini kula da badujalar makarantarmu ne don an taɓa ganina ina kaɗa tebur a ofishin malamai. Saura mako uku Ranar Yara, 27 ga Mayu, muka buɗe sito muka tarar wani ya zauna wa ƙaramar gangar fareti, mai wayoyi a gindi. Fatun lafiya lau, wayoyin ma haka. Jikin ne ya lotse kamar gwangwanin madara.

Na tafi shagon kayan kiɗa a Sabon Gari. Mai shagon, wani dattijo mai haƙuri, ya jera mini ganguna huɗu ya buga. Ta ƙarfe ta yi tsawa, ƙararta na ratsa kunne ta daɗe tana amo. Ta tagulla muryarta ta fi zaƙi da cika. Ta katakon mapul ta yi taushi, kamar mai magana da suruki. Ta alminiyam kuwa tana faɗin tata a bushe ta yi shiru. Ya ce faɗin da aka saba inci 14 ne, zurfi inci 5 zuwa 6 da rabi. In zurfi ya ƙaru murya ta yi kauri, in faɗi ya ragu ta yi sama. Ya ƙara da cewa Supraphonic ta kamfanin Ludwig, wadda John Bonham na Led Zeppelin ya riƙa bugawa, alminiyam ce.

Da ya faɗi kuɗi sai na ce zan je in dawo, irin dawowar da ni da shi muka san babu ita. Amma kalma ɗaya ta biyo ni har gida: alminiyam.

Matata, Maman Walid, tana da tukunyar alminiyam, ta kayan ɗakinta, wadda ba a saukowa da ita sai suna ko salla. Ta tafi biki Gwarzo. Na auna bakin tukunyar da taƙi, na ga ai kusan inci 14 ne. Wannan "kusan" ita ta kashe ni.

Na kai wa maƙeri tukunyar. Ya dube ni, ya dubi tukunya.

"Malam, gindin zan cire? Lafiyayyiyar tukunya?"

Na ce masa kimiyya ce. Ya yanke, ya huda, ya karɓi kuɗinsa tun kafin in canza shawara.

Fata ta ƙi shiga, don bakin ya fi zoben gangar faɗi, gindin kuma ya fi shi tsukewa. Muka yi ta dukan baki da guduma har ya shiga, ya koma kamar ƙwai. Daga baya na gane cewa bakin da fata ke kwanciya a kai sai ya zama da'ira sumul, ko'ina daidai, kuma a ƙasa akwai ɗan kwari da ake fafewa don wayoyi su manne wa fata. Tawa ba ta da ko ɗaya.

Ranar gwaji na tara yara, na yi musu jawabi a kan Bonham. Shugaban makaɗa ya daka sanda. Abin da ya fito ya yi kama da faɗuwar kwano a rijiya, sai wayoyin suka bi baya da ziza kamar ƙudan da aka rufe a kwalba. Wani ɗan aji ɗaya ya ɗaga hannu.

"Malam, ƙamshin miyar taushe take yi."

Aron ganga muka yi daga wani coci a unguwa, ta ƙarfe, kuma har ƙarshen fili ana jin ta.

Maman Walid ta dawo, ta ɗaga tukunyar, ta leƙo ni ta cikinta.

"Baban Walid, a nan zan dafa shinkafar salla?"

Wata huɗu ina biyan sabuwa. Tsohuwar tana bayan ɗaki, kaza na kwanci a ciki.